Hajiya, kar ki sauka Rabat ba da saninsa ba

Wata baiwar Allah daga Tawa ta aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, ya kai minti tara, rabinsa muryarta na rawa. Na taƙaita shi da izininta, ga abin da ta ce:

"Anti, ɗana na fari yana karatu a Rabat ta ƙasar Maroko, shekara ta uku ke nan, tun da ya ci jarabawar bak ta gama sakandare ya samu bursu, wato tallafin kuɗin karatu, ya tahi bai zo gida ba ko sau guda. Na yi adashe na kwashi nawa, maigida ya yarda in je in gano shi kwana biyar cikin watan Janairu, in yi ziyarar Shehu Tijani a Fas, in ga babban masallacin Kazabalanka, in ga Marakesh, in hau jirgin ƙasan nan nasu mai gudu zuwa Tanja. Da na gaya mishi sai ya yi shiru, can ya ce Inna ki bari tukuna, kuma ko kin zo ba wajena za ki kwana ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ƙanwar maigida ta ce ƙila Balarabiya ya ajiye, in sayi tikiti kawai in faɗo mishi kwatsam. In yi haka?"

Hajiya a'a, don girman Allah kar ki yi. Na ji ciwon da ke ranki wallahi, mace ta yi wata da watanni tana zuba adashe tana hana kanta sabon zane don ta je ta ga ɗanta da idonta, ta taɓa shi ta ga ya rame ko ya yi ƙiba, sannan ta buga waya cike da murna a ce mata ki bari tukuna, wannan ko wace uwa ce sai ya tsaya mata a wuya. Amma ni na taɓa yin irin tafiyar da ƙanwar maigidanki ke tura ki ki yi, nawa ɗan ma a can Maroko ya yi karatu, shi ya sa zan ja maganar da ke kaɗan.

Mu fara da watan da kika zaɓa. Jami'o'in Maroko shekararsu kashi biyu ce, kuma jarabawar zangon farko galibi cikin Janairu take faɗowa, bayanta ga ta ratrapaj ga wanda wani darasi ya kayar. Kin ga kin ɗora zuwanki daidai kan makonnin da yaro ba ya ko cin abinci a zaune. Kuma shi ɗan bursu faɗuwa ba ƙaramin abu ba ne gare shi, maimaita aji na iya taɓa bursunsa, ga kart de sejur, wato katin izinin zama a ƙasar, da ake sabuntawa da takardar shaidar makaranta. Duk wannan yana kansa lokacin da kike lissafa mishi Fas da Marakesh da Tanja. To ya zai ce miki? Ɗan Adar da aka yi wa tarbiyya ba zai iya buɗe baki ya ce wa uwarsa ba ni da lokacinki ba, sai ya yi shiru ya ce ki bari tukuna. Ga kuma sanyi. Kar ki auna da sanyin hunturu na Tawa wanda hantsi na yi ya sake ki, can ruwan sama ne da iska mai ɗanshi daga teku, gidajen da ɗalibai ke iya kamawa yawanci babu abin ɗumama ɗaki, bango kansa sanyi yake fitarwa. Fas ta ma fi Rabat sanyi. In kina da ciwon gwiwa, Janairu ba watanki ba ne.

Maganar kwana kuma ita ce na san ta fi ƙona miki rai, alhali ita ce ta fi sauƙin ganewa. In a gidan kwanan ɗalibai yake, wanda suke ce wa site, ɗaki ne na haɗaka kuma ɓangaren maza daban na mata daban, ba a kwana da baƙo. In kuma haya suka kama, su uku ne ko huɗu ko biyar samari a gida guda da makewayi guda. A ina zai shimfiɗa miki? Ki yi alwala ki fito ki ci karo da ɗan mutane da gajeren wando? Shi kunyarki yake ji, ya kuma kare miki mutunci, sai dai bai iya faɗa ba.

Ni da na je wajen nawa kwana biyu kawai na ba shi labari kafin in tashi, ina ganin ai daɗi zai ji. Ya tarbe ni a filin jirgin Kazabalanka da fara'a, ya karɓi walis ɗina, muka hau jirgin ƙasa, ya kai ni wani ɗan otal mai tsabta ya ce Inna an riga an biya. Kullum sai ya zo da kaza gasassa da burodi da lemo, in na fiddo kuɗi ya rantse ba zan biya ba. A rana ta uku na matsa sai na ga inda yake kwana. Can Sale ne, ƙetaren kogin da ya raba ta da Rabat, muka hau taram muka sauka muka yi ta hawa bene. Su huɗu ne, katifu a ƙasa, littattafai jere jikin bango, ƴar tukunyar gas guda, a kanta tukunya da sauran waken adas na jiya wanda ko mai bai ishe shi ba. Na ga takalminsa na sanyi bakin ƙofa ya saka kwali a ciki saboda ƙasan ya huje. Kazar da nake ci kwana uku ta dawo mini a wuya. Sai bayan na koma Yamai da wata biyu wani abokin zamansa ya yi suɓul da baka na ji ashe dirhami 900 ya ranta don ya sauke ni, kuɗinmu jika hamsin da ƴan kai, kuma ya rasa jarabawar gwaji guda ranar da ya raka ni yawo. Sai da ya yi wata uku yana biyan bashin nan daga ɗan abin da yake ci. Har yau in na tuna kwalin nan cikin takalmi sai hawaye ya zo mini.

Shi ya sa da na ji naki ya yi shiru, abin da ya fara zo mini ke nan, yana ƙirga abin da ke aljihunsa ne. Yaranmu na waje duk abin da suke aiko mana hoto ne gaban gini mai kyau da riga mai kyau, ba wanda ke ɗaukar hoton tukunyarsa. Mu ƴan ƙasar bida mun fi kowa sanin wannan, mazajenmu da ƴan'uwanmu nawa suka yi shekaru a Abijan ko Libiya suna kwana su goma a ɗaki, su dawo da rediyo da shadda ba su taɓa faɗin wahalar da suka sha ba? Ɗanki a gidan ya tashi, irin wannan rufin asirin ya gada.

Zancen Balarabiya kuwa, ƙanwar maigida tana Tawa, ba ta taɓa taka Rabat ba, zato ne kawai ta yi, kuma zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Ba zan rantse miki cewa babu abin da yaron ke ɓoyewa ba, yana iya yiwuwa ya faɗi wata shekara yana jin nauyin faɗa, yana iya yiwuwa bashi ne, yana iya yiwuwa ma akwai wadda yake so ɗin, saurayi ne baligi. To a ce ma haka ne, ki faɗo mishi kwatsam me zai gyara? Ki sauka a ƙasar da ba ki jin Darija, Larabcinsu na gida wanda ko wanda ya yi karatun allo da littattafai sai ya saurara da kyau, ba ki san adireshi ba, dole dai shi ɗin za ki kira daga filin jirgi ya bar ɗakin jarabawa ya taho. Abin da kawai zai gane shi ne Inna ba ta yarda da ni ba, ta zo kama ni. Daga ranar ko ciwo yake sai ya ɓoye miki.

Ki kira shi ki ba shi zaɓin rana. Ki ce ya duba ranar da zai gama jarabawa har da ratrapaj, ya gaya miki makon da yake da sarari. In an samu wajen Maris ko Afrilu ya fi, sanyi ya sauka zafi bai taso ba, sai dai ki duba inda azumi ya faɗo a shekarar don yawo da azumi a bakin mutum wahala ne. Kuma tun a wayar nan ki cire mishi nauyin, ki ce masauki ni zan biya, abinci ni, tikitin jirgin ƙasa nawa da naka ni, kai dai nemo mini wuri mai tsabta kusa da kai. Ki tura kuɗin masaukin tun kafin ki tashi don kar ya je ya ranta. In ya yi gardama ki ce umarni ne, nan kam ki yi amfani da ikonki na uwa.

Sai jerin garuruwan nan naki. Hajiya kwana biyar ne fa, kuma ki cire na farko da na ƙarshe. Daga Tawa zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a cikin babbar mota, ki isa da kumburarrun ƙafafu. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Kazabalanka wajen awa huɗu, daga can kuma sai jirgin ƙasa, a canza a tashar cikin gari a kama na Rabat wanda shi ma wajen awa guda ne. Ranar sauka ta barci ce. Saura kwana uku. Fas tana wajen awa uku daga Rabat ta gabas, Marakesh wajen awa huɗu ta kudu, Tanja tana can arewa bakin teku. In kika ce duk sai kin taka, abin da za ki gani a Maroko kujerar jirgin ƙasa ce da ƙeyar ɗanki yana jan walis, ki dawo gida da hotuna ɗari ba ki zauna da shi awa biyu kun yi hira ba. In da hali ki ƙara kwanakin su kai bakwai ko takwas tunda kuɗin jirgin sama ɗaya ne. In babu hali, ki yafe Marakesh da Tanja. Jirgin mai gudu, Al Boraq, wanda suka buɗe a 2018 yana kai kilomita 320 a awa, yana bi ta Rabat, in ranki ya biya sosai kina iya hawansa ranar komawa Kazabalanka, sai dai ki sani babban gudun nasa tsakanin Tanja da Kenitra yake yi.

Fas kam kar ki bar ta, na ji yadda muryarki ta canza da kika ambaci Shehu. Amma ki ba ta haƙƙinta, ku tafi da safe ku kwana can ku dawo washegari. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijani tana cikin tsohon gari inda mota ba ta shiga, a can aka rufe shi da ya rasu a 1815. Tasi za ta ajiye ku bakin ƙofar gari, sauran tafiyar ƙasa ce cikin lunguna masu gangara da hawa, wani lungun in kika miƙa hannu biyu sai ki taɓa bango da bango, ga alfadarai da jakuna ɗauke da kaya masu su na ihun balak balak wato a kauce. Ki sa takalmi mara tsini mai taushi, ki bar na biki a gida. Ni da na shiga zawiyar bayan la'asar na tarar da mutanen Senegal da na Najeriya da namu zaune ana wazifa, wata tsohuwa ta matsa mini wuri ba ta san ni ba ban san ta ba, na ji Hausa a bayana na waiwaya ashe mutanen Kano ne. Ba nisa daga nan masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata mace, Fatima al-Fihri, ta gina a shekarar 859 da dukiyar gadonta, har yau ana sallah ana karatu a cikinsa. Ki tsaya ki yi raka'a biyu a wurin in kin tarar a buɗe, don masallatai da yawa a can ana rufe su tsakanin salloli, sai ku daidaita zuwanku da lokacin sallah. Masu cewa za su nuna muku hanya suna da yawa a bakin ƙofa, ki bar ɗanki ya yi magana da su, kar ki amsa wa kowa.

Wani abu da zai kwantar miki da hankali, su ma Malikawa ne kamar mu, kuma da Warsh suke karatu irin wanda muka taso da shi a makarantar allo. Bayan magariba za ki ji liman da jama'a sun haɗa murya suna karanta izu guda tare. Ranar da na fara ji sai na ga kamar ina zauren malam a gida.

Rabat kuma tana da abin gani wanda ba sai kin wahala ba. Hasumiyar Hasan da aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12 ba a gama ba, da ginshiƙanta tsaye a fili, kusa da ita kabarin Sarki Muhammadu na Biyar da dogarai a kan dawakai, sannan Kasbar Udaya inda za ki tsaya ki ga kogi na shiga teku, ku sha shayi da na'ana'a. Wuni guda ya isa, a hankali, da ƙaramar tasi shuɗiya irin tasu. Masallacin Hasan na Biyu kuwa ki bar shi ranar komawa tunda dole ta Kazabalanka za ki fita. An gama shi a 1993, wani sashensa a kan teku yake, cikinsa na ɗaukar mutum 25,000. Ki je lokacin sallah ki shiga ɓangaren mata ki yi sallarki.

Kuɗi, ki canza sefa zuwa yuro tun a Yamai, yuro guda sefa 656 ne in an cike, can sai ki mayar dirhami kaɗan kaɗan, don sefa wuyar canzawa gare ta a can. Dirhami guda ki riƙa lissafa shi wajen sefa 60, zai taimake ki a kasuwa kar jallabiya da turare su cinye miki kuɗin komawa. Fasfo ki duba kwanan watansa tun yanzu, ki haɗa da katin rigakafinki, kuma kafin ki biya tikiti ki sa a tambayar miki ofishin jakadancin Maroko a Yamai ko kamfanin jirgin abin da ake buƙata na shiga a daidai lokacin tafiyarki. In kina shan maganin hawan jini ko na suga ki ɗauki wanda zai wuce kwanakin, cikin jakar hannu. Ki rubuta lambar ɗanki da adireshin masauki a takarda ki soke a jaka, waya na iya mutuwa.

Tsaraba kuma na san ba sai na koya wa mutuniyar Adar ba, amma ki tuna ba shi kaɗai zai ci ba, duk ɗakin ne har da maƙwabta. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, zogale, garin gero na kunu. Kilishi da cuku ki fara tambaya tukuna don nama da kayan nono ana iya riƙe su a kwastan, kar ki yi asara. Dabino kar ki wahalar da kanki, suna da shi. Kuma cikin kwanakin nan ki ware yini guda, ko da na yawon Rabat ne, wanda ba za a je ko'ina ba, ki ce ya gaya wa abokan zamansa tun da wuri su kintsa, ki je ki tuƙa musu tuwo da miyar kuka a ƴar tukunyar gas ɗin nan. Ni na yi a rana ta huɗu, yaran nan ɗaya ɗan Zinder ɗaya ɗan Mali ɗaya ɗan Gine, suka zauna a ƙasa suka cinye har ƙanzo, ɗan Zinder ɗin yana ci yana share ido. A nan za ki ga su wa yake zaune da su, yana sallah ko ba ya yi, me yake ci, duk abin da ƙanwar maigida ke son ki je bincike za ki gan shi ba tare da kin tambayi kowa ba. In kin ga katifa a ƙasa kar ki yi salati ki kama kuka a gabansu, ki daure sai kin koma masauki. Ki duba takalminsa da rigar sanyinsa da bargonsa, abin da ya mutu ki saya mishi kafin ki sayi tsarabar mutanen gida.

Na san ɗan fari ne, akwai alkunya, ƙila ko sunansa ba ki faɗa, ba ku saba zama ku yi doguwar hira ba. To can babu kishiya babu dangin miji babu mai ganinki, awa uku za ku yi gefe da gefe a jirgin Fas. Kar ki fara da tuhuma. Ki tambaye shi wane darasi ya fi ba shi wuya, kuɗin na kai shi ƙarshen wata ko a'a, mutanen garin ya suke da shi, don baƙar fata a can wani lokaci yana gamuwa da baƙar magana a titi kuma yaranmu ba sa kawo mana wannan labarin. In ya fara magana ki yi shiru ki bar shi ya kai aya, ko me ya fito kar ki katse shi da faɗa. In akwai yarinya a nan za ki ji, sai ki dawo da maganar wurin mahaifinsa a bi ta hanyar da ta dace.

Yau da dare bayan isha ki kira shi, ke kaɗai a ɗaki ba a gaban ƙanwar maigida ba. Ki ce na fasa Janairu, Allah ya ba da sa'ar jarabawa, in ka gama ka zaɓar mini mako, kuma ko dala ba za ka kashe ba. Sai ki saurari yadda muryarsa za ta fito. In ya gama jarabawar ya sake cewa ki bari tukuna ba da wani dalili ba, ki sake aiko mini, a lokacin sai mu nemi babba cikin ɗalibanmu na can ya leƙa shi. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ki sa mu a addu'a a Fas, ki gaida mutanen Tawa.